Mai gyaran lambun da ya ƙi sayar min da maganin feshi

Ƙawaye sun dame ni da tambayar wanda ya gyara mana ciyawar gida, shi ya sa na ce bari in rubuta a wuri ɗaya, da abin da ya burge ni a aikinsa da wanda bai yi min ba. Mutumin yana da lambun dashe a bakin titi nan Kaduna, irin masu jera furanni da 'ya'yan itatuwa a baƙar leda, kuma yana zuwa gida idan an kira shi. A taƙaice, wajen gano cuta ban ga kamarsa ba. Wajen cika alƙawari kuwa sai addu'a.

Gidanmu a Malali yake. Akwai ɗan fili a gaban falo da aka shuka wa kirikiri, wadda masu furanni ke kira Bahama. Tsohon mangwaro ya rufe kusurwar gabas, darbejiya biyu kuma suna jikin katanga. Ɓangaren da rana ke duka kore ne shar, amma ƙarƙashin itatuwan ciyawar ta yi ja, wani wurin ta bushe ƙurmus, kuma a watan Agusta, lokacin da ko a saman katanga ciyawa fitowa take. Mutum biyu sun riga shi ba da shawara. Ɗaya ta waya ya yanke hukuncin gara ce, a kawo kuɗin magani. Ɗayan ya zo, ya tsaya daga bakin baranda hannu a aljihu, ya ce yunwa ce, a watsa yuriya.

Shi wannan da ya zo da hantsi, tambaya ya fara yi. Yaushe ake ba ta ruwa? Da me ake yanke ta? Ina ake zubar da ruwan wanki? Daga nan ya durƙusa ya damƙi ciyawar ya ja. Ya ce in da gwazarma ce ke cin saiwar ta ƙasa, da ta ɗago gaba ɗaya kamar an ɗaga tabarma, amma ga ta nan riƙe gam. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya zuba cokali biyu na sabulun wanke-wanke, ya kwarara a gefen inda ta bushe, muka tsaya kallo kusan minti 10. Tsutsar da ke cin ganye ba ta jure ruwan sabulu, fitowa sama take. Babu abin da ya fito sai tana guda. Gara kuma, in ji shi, ba ta ɓoye aikinta, da an ga ginin jar ƙasa manne a jikin karan ciyawar.

Sai ya kira ni. "Hajiya, matso ki gani da idonki." Inda ya nuna, bushewar zagaye ta yi, faɗinta ya kai faifai, wani ya fi haka, bakin zagayen ruwan ɗorawa. Ya tsinko ganye ɗaya, ya zare ba gardama, gindinsa baƙi, ya ruɓe, yana danshi. Wannan cutar funfuna ce, mai son wurin da ganye ke kwana a jiƙe. A inuwa raɓa ba ta bushewa da wuri, iska ba ta ratsawa saboda katanga, ga damina, ga kuma maigadi da ya saba jan tiyo bayan la'asar ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ya ce da an bi ta mai yuriya da an ƙara wa wuta fetur, don kashi 46 cikin 100 na takin nan sinadarin naitirojin ne, yana tunzura ganye ya fito da laushi, irin wanda cutar ta fi so.

Na ɗauka an gama, sai ya ce zai dawo da azahar ya ga inda inuwa ke faɗawa. Ya dawo ɗin, kuma a nan ya faɗi maganar da ban so ji ba. Kirikiri ciyawar rana ce, tana son akalla awa 6 na rana tsagwaronta, ƙarƙashin mangwaron nan kuwa da ƙyar take samun biyu. Ko an kashe cutar, ba za ta cika ba. Ya soka sukudireba a ƙasa, ko rabi bai shiga ba, don wurin nan yara ke bi zuwa bayan gida, ƙasa ta daddale, saiwar mangwaro kuma ta mamaye ta tana shanye abin da aka zuba.

Na ce, "To Malam, wane magani za a saya?" Ya ce babu. Mutumin da ke da kwalaben feshi jere a rumfarsa! Ya ce a fara tsayar da ban ruwa har damina ta wuce, in zagayen bai daina faɗi ba sai a yi maganar feshi. Zagayen bai ƙara faɗi ba, kuma har yau ba a fesa komai ba.

Aikin da suka yi shi ne rage ƙananan rassan mangwaron da na darbejiya don ranar safe ta samu hanya, sannan huda ƙasar da ƙarfe mai yatsu, aka zuba yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki. A inda inuwa ke da sauƙi aka cire kirikirin aka dasa ciyawar kafet, mai faɗin ganyen nan, wadda ta fi jure inuwa. Daf da gindin mangwaron ya ce kar in wahalar da kaina, babu ciyawar da za ta zauna, aka zuba tsakuwa. Can nake ajiye kujera yanzu.

Ya kuma hana yankan langalanga a ɓangaren inuwa, don aske ciyawa take har ƙasa, ita kuwa ta inuwa da ganyenta take kama ɗan hasken da take samu. A yanke da inji, a ɗaga shi sama, kar a cire fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsayinta. Taki rabin na ɓangaren rana ya ishe ta. Ban ruwan rani bayan asuba ne, sau biyu a mako, a ba ta ta ƙoshi. Dabarar da ya koya wa maigadi ta burge ni: a ajiye gwangwanin kifi a tsakiyar ciyawa, ruwan mako guda ya tara kamar santimita 2 da rabi a ciki, shi ke nan.

Yanzu ga inda ya gaza. Ba ya zuwa a ranar da ya ce. "Gobe in sha Allahu" ɗinsa tana iya zama jibi ko gata, kuma wayarsa a kashe. Yaransa da adda suka sare wasu rassan, suka bar bakin a tsattsage maimakon su sa zarto, sai da maigidan ya yi magana aka gyara. Rassan kuma suka tara min su a ƙofar gida har maƙwabta suka fara kallona. Ba ya rubuta rasit, ciniki duk da baki ne, don haka a tsayar da magana tun farko ko kwashe shara na cikin kuɗin. Kuɗin dubawar kansa bai kai na buhun taki ba, ban ga tsadarsa ba. Dashen ne ya ɗan ja.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne aya-aya da ta biyo dashen kafet ɗin. Duk wanda ya san ta ya san ba a rabuwa da ita da sauƙi, ka cire ganye ƙwayar na ƙasa tana jira. Har yanzu da wuƙa muke tono ta ɗaya bayan ɗaya. Da na yi masa ƙorafi bai musa ba, ya ce daga fadamar da ya ɗebo ne.

Ya gaya min tun farko cewa kafet ba ta son ƙishi, za ta ɗan yi ja da hunturu ko da ana ba ta ruwa, kuma haka aka yi. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ko tanki, gara ya shimfiɗa tsakuwa a inuwar ya huta. Mai ruwa kuma ya kira shi, amma ranar da zai kawo dashen a tsaya a kansa a duba kowane yanki kafin a sauke daga Keke Napep.