Sayar da littafinka, ko sayar da kwafinsa?

Littafin karatu na asali da ka saya naka ne. In ka gama da shi, ka sayar wa ɗalibin da ke bayanka, ko da ka ja layi a shafukansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta hana ba, domin da izinin mai haƙƙin ya shiga kasuwa.

Kwafi kuwa daban ne. In ka kai shagon fotokwafi aka buga ashirin, ko ka ɗauki hoton shafukan kana sayarwa a WhatsApp, ka shiga gonar marubuci da mawallafi, haƙƙin da ke nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Sai da izininsu. Haka PDF da ka saya: in ka tura wa wani, naka yana nan, kwafi ya zama biyu.