Me za ki sa a madadin cuku idan za ki yi fizar da ba kayan dabba a ciki?

Ni dai ba ado ne ya kai ni ga wannan fizar ba, autata ce jikinta ba ya karɓar madarar shanu, da ta ci sai ƙuraje da kumburin ido, kuma yarinya tana ganin yayyenta suna ci. Kwaɓin ba shi da matsala, fulawa ce da yis da gishiri da ruwa da ɗan mai. Rigimar duk a kan cukun take.

Wanda na tsaya a kai shi ne na ƙwallon kashu, kuma wallahi ban ga na biyunsa ba. Ki jiƙa kofi 1 a tafasasshen ruwa kamar minti 30, ki tsane, ki zuba a bilenda da ruwa kofi 1, sitacin rogo cokali 3, ruwan lemon tsami cokali 1, tafarnuwa, gishiri, ki markaɗa ya yi sumul, sai ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, cikin minti 5 za ki ga ya haɗe yana jan zare kamar talge, sitacin ne ke ba shi wannan danƙon, shi kuma man da ke cikin kashun shi ke sa ya yi maiƙo a baki. Ki ɗiɗɗiga shi da cokali a kan miyar tumatir, obin ya kai digiri 250, minti 10 ya wadatar, samansa har ɗan ja yake yi. Gurin saye ki nemi fari wanda ba a soya da gishiri ba, kuma ki ce a buɗe miki ki shinshina, in kika ji warin tsohon mai ko kika ga gari a gindin kwalba to ya daɗe, ki bar musu kayansu. Yana da tsada kam, kuma wanda jikinsa ba ya son kashu kar ya kusance shi.

Awara tana da araha amma ba ta narkewa, yadda kika sa ta haka za ta fito. Barin cukun gaba ɗaya ma hanya ce, mutanen Nafoli a Italiya suna da tasu marinara, tumatir da tafarnuwa da ganyen ƙamshi na oregano da man zaitun kawai, sai dai yara ba sa yarda cewa fiza ce.

Toh cukun leda da ake shigowa da shi, nan ne na sha wuya. Na taɓa saye a wani babban kanti, na tambayi yaron gurin ya ce "Hajiya ba madara a ciki, ki duba an rubuta lactose free", na yarda na kawo gida, daren nan ba mu runtsa ba, yarinya na ta susa har da kuka. Ashe wannan rubutun sukarin madarar kawai aka cire, furotin ɗin yana nan daram. Don Allah 'yar uwa ki juya bayan leda ki karanta da idonki, in kika ga casein ko caseinate ko whey ko milk solids madara ce, ko da kuwa an zana ganye a gaba an ce da man kayan lambu aka yi shi. Wanda da gaske ba madara a ciki yawanci man kwakwa ne da sitaci, kuma za ki ga an rubuta vegan ƙarara, wato ba kayan dabba a ciki. Haka kwaɓin fiza na firiza, wasu akwai garin madara a ciki. Ko awarar ma ki tambaya, don masu suya da yawa sai sun tsoma ta a ƙwai, kuma kar ki aiki yaro ya dawo miki da wara, wancan cukun nonon shanu ne, sunan ne kawai ya yi kama. Ni yanzu in zan sa awara ɗanya nake karɓa gurin mai yi tun kafin ta ɗora mai a wuta.