Gargaɗi ga masu motocin gudu: galan na asali, mai na durom

Masu BMW, Mustang, Benz AMG da sauran motocin gudu, a yi hattara da wasu garejoji masu tallar kansu a Instagram da TikTok da sunan ƙwararrun manyan motoci. Ba sai na kama suna ba, don salonsu ɗaya ne. Waje tsaf-tsaf, yara sanye da riga iri ɗaya, galan-galan na Mobil 1 da Castrol a jere kan kanta. Ka kawo mota juye, a caje ka kuɗin man inji na sintetik (haɗin kimiyya) mai tsada, sai oga ya ce: "Alhaji, bar ta kawai, ka dawo bayan la'asar." A nan ake yin aika-aikar. Man da ke cikin durom a bayan shago shi za a ɗura maka, a goge tsohuwar filta da tsumma ta yi ƙyalli, a ajiye maka galan wayam a but a matsayin shaida.

Wasu ma ko galan ɗin ba za su bar maka ba, domin kuɗi ne. Akwai masu bi gareji-gareji suna sayen wanda aka juye, su cika shi da tsohon baƙin mai da aka tace ko mai arha, su manne murfin, ya koma kasuwa. Kada launi ya ruɗe ka, jabun ma garai-garai yake fitowa. Duba zoben da ke ƙasan murfi: na asali sai ka murɗa yake tsinkewa, ka ji ƙas. In ka ga alamar gam ko narkewar roba a gefensa, ko lambar kamfani ta goge, ko ka ji ƙauri da ka buɗe, mayar musu da kayansu. Haka in kuɗin ya yi ƙasa sosai da na babban dila.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce yaudarar kauri. Za su ce maka zafin ƙasarmu ya fi ƙarfin siririn mai, wai na Turawa ne, sai 20W-50 ne ke riƙe inji a nan. Magana ce mai daɗin ji, amma gaskiyar ita ce 20W-50 ne ke cikin durom ɗinsu. A irin wannan lamba ta 20W-50, ta farko tana nuna yadda mai ke gudana lokacin da inji ya kwana ya huce, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100, wato kusan inda inji mai lafiya ke aiki ko a Sakkwato ko a Jamus. Kamfanin da ya ƙera injin ya auna tazarar ƙarafansa da ƙananan hanyoyin mai kafin ya zaɓi lamba. Toyota 86 tana shan 0W-20. Mustang GT ta 2015 tana shan 5W-20. Ita kuwa BMW M3 ƙirar E46 da E92, 10W-60 aka rubuta mata, mai kauri sosai. Ka ga ke nan babu lamba ɗaya da ta dace da kowace mota, kuma duk makaniken da ya faɗa maka lamba tun bai duba littafin motar ko murfin zuba mai ba, shaci-faɗi yake yi. Motocin Jamus ma lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an ga amincewar kamfani a bayan galan: LL-01 ga BMW da yawa, 229.5 ga Benz, A40 ga Porsche.

Ɓarnar ba a ranar take fitowa ba, shi ya sa suke sha. Da safe mai kauri yana jinkirin kaiwa saman inji da turbo, ƙarafa su yi ta gogar juna a bushe. Bayan watanni sai ka fara jin kaf-kaf in ka tayar, VANOS na BMW (na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul) ya fara gardama, fitilar gargaɗin inji ta kama. Ka koma wurinsu, su sayar maka da wani ruwa mai yauƙi kamar zuma wai maganin ƙara, ƙarar ta lafa, ciwon na nan. Ranar da injin ya buga kuwa, da ma suna da wani na Kwatano a ajiye suna jiranka.

Sayi manka da filtarka da kanka a gidan man kamfanin ko wurin dilan da aka sani, ka karɓi rasit. Tsaya a kan motar har a gama, a buɗe galan a gabanka, a miƙo maka tsohuwar filta a hannu. Garejin da ya ce ba a shiga wurin aiki, ko ya nemi cire maka tamostat (na'urar da ke daidaita zafin inji) wai don zafi, juya motarka. In an gama, sa wuƙa ka farke galan ɗin kafin ka yar. Wanda kuma aka riga aka sayar wa jabu, ya adana galan da rasit ya kai ƙara ofishin SON (hukumar kula da ingancin kaya) ko FCCPC (hukumar kare haƙƙin masu saye) mafi kusa.