Bunaji ko Firiziyan: wacce ta fi jure ciwon hantsa?

Malam, ka tambaya ko ka bar garkenka Bunaji zalla, ko ka sa a ɗura wa shanun maniyyin bijimin Firiziyan, wato irin shanun madara na Turai, alhali kana fargabar ciwon hantsa. Ga yadda nake ganinsu.

Bunaji madararta kaɗan ce, hantsarta ƙarama kuma a ɗame sama, ba ta jan laka da kashi. Ga maraƙi yana tsotse abin da ya rage bayan tatsa. Shi ya sa ba a cika ganinta da kumburi ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka: akwai ciwon da ke ɓoye, madara fes a ƙwarya, sai gwajin CMT, wanda ake haɗa madara da wani ruwan magani a ga ko za ta yi kauri, ya tona shi.

Ita kuwa Firiziyan, an daɗe ana zaɓenta don yawan madara, kuma a wajen gado yawan madara da saurin kamuwa tare suke tafiya. Hantsa mai nauyi takan zubo ƙasa bayan haihuwa uku ko huɗu. Kan nonon da ke sakin madara da sauri ma, ƙofa ce buɗaɗɗiya ga ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus.

Sai dai fa rabon gado a kamuwa da ciwon kansa ƙarami ne, bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran ya haɗa da hannun mai tatsa, da tsabtar makwanci, da ƙudaje. Siffar hantsa ita ce ake gada sosai, don haka ita za ka sa wa ido.

Ƙaramin rabon gadon nan kuma yana taruwa daga zuri'a zuwa zuri'a. A ƙasar Nowe, tun 1975 likitocin dabbobi ke rubuta kowane magani da aka yi wa saniya, daga 1978 suka sa ciwon hantsa cikin ma'aunin zaɓen bijimai na jajayen shanunsu. A hankali cutar ta ja baya. Abin da ke damuna ke nan da mu: muna sayen maniyyi ba ma tambayar lafiyar 'ya'yan bijimin.

Ni dai da ni ne, ruwa biyu zan tsaya, rabi Bunaji rabi Firiziyan, irin waɗanda NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ta daɗe tana aiki a kansu. Kafin a ɗura, ka nemi takardar bijimin ka duba makinsa na lafiyar hantsa. Saniyar da ciwon ke dawo mata kowace haihuwa kuma, kada ka ajiye karsanarta.