Na'urar Auna Hawan Ruwa a Jikin Bishiya: Wace Za Ka Saya?

Kafin ka tambayi farashi, fara auna kaurin bishiyar, ka kuma san inda za ka samo wutar lantarki a daji. Na'urorin nan duka da zafi suke aiki: a ɗumama itacen kaɗan, ruwan da ke hawa daga saiwa ya kwashe ɗumin, daga nan a gane saurinsa.

Mafi araha ita ce ta André Granier, ɗan Faransa, da ya fito da ita a 1985. Allura biyu ne masu tsawon santimita 2, ana soka su a farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, ɗaya a sama da ɗaya, tazara kamar santimita 10. Ta sama tana ɗauke da zafi dare da rana, shi ya sa take cin batir. In ba ka da faifan sola, kada ka soma. Lissafinta kuma ya ɗauka cewa ruwa na tsayawa cik da dare, alhali a lokacin busasshiyar iska bishiya kan ci gaba da sha. Ga kuma zafin rana irin namu, wanda ke dukan gangar ya rikita awon. A Sanagal, masu bincike Do da Rocheteau sun nuna wannan matsala a 2002, suka ba da shawarar a riƙa kunna zafin allurar ana kashewa. Lulluɓe allurorin da abin kare rana, kada ka yi sakaci da wannan.

Ni dai da za a ba ni zaɓi don gawo ko mangwaro, mai allura uku zan ɗauka, irin SFM1 ta kamfanin ICT International na Ostareliya. Ta tsakiya tana sakin zafi na 'yan daƙiƙoƙi ta huta, ta sama da ta ƙasa su auna. Batir na daɗewa, tana kama ruwa mai tafiya a hankali, har da wanda ke komawa ƙasa zuwa saiwa. Sai dai da tsada, kuma in ruwa na gudu sosai takan gaza. Ramukan nan uku dole su miƙe sak. Hannunka ya ɗan karkace wajen huda, awon ya tafi.

In kuwa sabara ce ko dashe mai siririn jiki, kada ka huda. Sayi mai naɗewa kamar bandeji, irin Dynagage ta kamfanin Dynamax. Da wannan hanya aka auna ruwan da sabara ke sha a Nijar. Riƙa sassauta ta lokaci-lokaci, don reshe na ƙara kauri.

In wadda ka zaɓa ba ta zo da na'urar adana bayanai ba, ware kuɗinta; in kuma mai allura ce, ware na allurori na ko-ta-kwana, domin wajen cirewa sukan karye a cikin itace.