Zane a takarda ko Solver: wanne ya fi wajen lissafin riba?

A ɗauki gidan burodi a Jos da ke da fulawa buhu biyu, kilo 100, da awa 40 na gashi a mako. Farantin burodi na cin kilo 4 da awa 1, ribarsa naira 3,000. Na kek kuwa kilo 2 da awa 2, riba 4,000. Tambayar ita ce: faranti nawa na kowanne za a gasa don riba ta fi yawa? In x yawan farantan burodi ne, y na kek: 4x + 2y ≤ 100 (iyakar fulawa), x + 2y ≤ 40 (iyakar awa).

Mai zane zai ja layukan waɗannan iyakoki biyu a takardar giraf, ya duba kusurwoyi kawai, don a can riba mafi tsoka take. Burodi zalla, faranti 25, naira 75,000. Kek zalla, faranti 20, 80,000. Mahaɗar layukan, burodi 20 da kek 10, ita ce ta kai 100,000, kuma ba ta rage ko cokalin fulawa ba. Daɗin zane ke nan, ido na ganin abin da ya taƙaita ka. Amma da an ƙaro cincin da fanke, takarda ta gaza, kaya biyu kaɗai take ɗauka.

Nan Solver, kayan aikin warware irin wannan lissafi a manhajar Excel, ke shigowa, da dabarar simplex (bin kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mafi riba) da George Dantzig ya ƙirƙiro a 1947. Kaya goma ba sa ba shi wuya. Sai dai ba ya gardama: a manta sharaɗin cewa adadi ba ya gaza sifili, ko a bar shi ya ba da faranti 7.3, haka zai miƙo. Kuma bai san ko kasuwar Taminus ta Jos za ta saye kek ɗin duka ba, sai an rubuta masa iyakar ciniki.