Masu yanka kwali daidai girman kaya, sun cancanci kuɗinsu?

Amsa a taƙaice eh, sun cancanta, amma ba ta inda mutane suke zato ba. Ni man shafawa nake sayarwa a kwalabe da robobi, yawanci aikawa nake yi, kuma tun da na koma aiki da wani kamfani mai yanka kwali bisa awon kayanka na ga canji sosai a abin da nake kashewa. Shi kansa kwalin bai fi na gama-gari araha ba fa, wani lokacin ma ya ɗan ɗara. Ribar tana wajen kuɗin dako.

Abin da da yawa ba su lura ba, kamfanonin dako irin su DHL ba sikeli kaɗai suke kallo ba, suna auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin a santimita su ninka su sannan su raba da 5000, abin da ya fito su gwada shi da ainihin nauyin kayan, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Kwali mai 40 da 30 da 20 lissafinsa kilo 4.8 ne ko da abin da ke ciki kilo ɗaya da rabi ne kacal. Mayar da kayan cikin mai 30 da 20 da 15 ya dawo 1.8. Kilo uku kenan na iska zalla kake biya a kowane aike, ga kuɗin ledar kumfa da takardun da za ka cusa don cike gurbin, ga salatif.

Abin da ya fi burge ni da kamfanin kwalin shi ne ba su fara da tallar kwali mai tsada ba. Samfurin kayana suka nema suka auna, suka turo kwali ɗaya marar zane in gwada tukuna. Ciki akwai ɗan faifan kwali mai ramuka da yake riƙe wuyan kowace kwalba, na rufe na girgiza da ƙarfi wallahi ko motsi ban ji ba. Su da kansu suka ce kayana ba sa buƙatar kwali mai hawa biyar, wato mai kaurin takarda biyar a manne, mai hawa uku ya isa tunda ba nauyi gare su ba, kuma suka ba ni shawarar buga tambarina da kala ɗaya maimakon huɗu, don kowace kala da nata farantin bugawa da nata kuɗin. Mai neman tatsar kwastoma ba zai faɗa maka haka ba.

To amma akwai inda ban ji daɗi ba. Mafi ƙarancin odar da suke karɓa tana da yawa ga ƙaramin ɗan kasuwa, sai ka zuba jari a kwali ya zauna yana jira, kuma kwali ba ya shiri da danshi, in wurin ajiyarka yana tsatsafar ruwa laushi zai yi ya daina ɗaukar nauyi. Sannan in siffar ba ta yau da kullum ba ce sai ka biya kuɗin ƙarfen yankan, wato wanda za su ƙera don fitar da siffar kwalinka, a karon farko, wannan kam ba su faɗa min da wuri ba sai da takardar kuɗi ta zo. Rukunin farko ma ya yi latti, wasu kuma layin naɗinsu ya zurfafa har yana tsagewa a kusurwa, sun dai canza su ba gardama.

Kar ka ce kowane kaya sai da nasa kwalin, girma uku ko huɗu ya wadatar, in sun yi yawa odar kowanne ta ragu farashi ya hau. Masu aikawa Turai kuma su sani, dokar Tarayyar Turai kan marufi ta tanadi cewa daga 2030 ko bayanta kaɗan gurbin da babu komai a kwalin aike kar ya wuce kashi 50 cikin ɗari, gara a fara gyara tun yanzu.

In aikenka jefi-jefi ne, ko kayanka tufafi ne da ba sa fashewa, ledar aike mai gam ta ishe ka. In kuwa kullum kaya na fita kuma masu fashewa ne, ka nemi samfuri ka girgiza da hannunka, sannan a rubuta maka kuɗin ƙarfen yanka da ranar kawowa kafin ka biya ko sisi.